Tsohuwar da Ke Cikin Takardar Ingilishi

Ko da zan manta da duk abin da aka koya mini a lise, babbar sakandarenmu ta Nijar, kuma wallahi mafi yawansa ya riga ya tafi, akwai abu guda da ba zai fita daga kaina ba har in koma ga Mahaliccina. Wata tsohuwar Baturiya ce, wadda ban taɓa gani ba, ban ma tabbata an taɓa haihuwarta ba, ta kusa raba ni da bak, jarrabawar gama sakandare. A cikin takardar darasin Ingilishi na gamu da ita, a Magaria, shekarar da nake tarminal, wato ajin ƙarshe.

Bari in fara da tawa tsohuwar, don in ba ku san ta ba ba za ku gane haukan da na yi ba. Ni ɗan wani ƙauye ne a bayan Sassumbrum. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, mahaifiyata ta sake aure can wajen danginta a Nijeriya, kakata ta wajen uba kuwa ta ce ba mai raba ta da ni. Ita ta goya ni, ita ta kama hannuna ta kai ni lekol, wato makarantar boko. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ƴan awakinta a bayan ɗaki. Sunan kakana aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, "maigida" take ce mini. Kuma kamar kowace kaka da jikanta a wurinmu, ba mu magana sai da tsiya. In na zo hutu za ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka ga miji marar amfani, ya tafi birni ya bar matarsa da awaki." Ni kuma in ce ai tsufa ta yi mini yawa. Baffana, ɗanta guda da ya rage, da an gama girbi yake tafiya cin rani, sai ruwa ya sauka ya dawo. Duk tsawon rani ita kaɗai ce a gidan.

Malaminmu na Ingilishi mutumin Waca ne, dogo, siriri, da gilashi, ya yi karatu wajen kawunnansa a Nijeriya kafin ya dawo gida. Sauran malamai "Mushe" muke ce musu da Faransanci, shi kuwa kowa "Tica" yake kiransa, har mai shayin bakin ƙofar lise. Da zafi ya kama, bak ta matso, sai ya tsiri tara mu ranar Asabar da safe a ƙarƙashin dogon yaro, ba wanda ya sa shi. Zai zo da takardun da ya bugo, guda ɗaya mutum uku, mu haɗa kawuna mu karanta labari da Ingilishi, sannan mu amsa tambayoyin da ke ƙasa. Dokarsa guda ce: duk amsar da ka bayar, sai ka ɗora yatsa a kan layin da ka samo ta. Da ka fara "ai a ganina", zai katse ka ya ce, "Ganinka ka baro shi a gida, masu gyaran bak ba su san ka ba. Ina yatsa?" Muna jin haushinsa, muna kuma son shi, har kwaikwayonsa muke yi in ya juya baya.

Wata Asabar ya kawo mana labarin tsohuwar nan. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta duk suna manyan birane. Ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida kusa da teku, daga ita sai karenta da furannin da take shukawa. Ƴaƴan sun yi sun yi ta koma wurinsu, ta ƙi. Suna kiranta a waya ranar Lahadi. A ƙarshen labarin ta ce wa maƙwabcinta ba ta taɓa jin daɗin zamanta kamar yanzu ba. Tambaya ta farko kuwa ita ce: tsohuwar tana cikin farin ciki, gaskiya ne ko ƙarya? Kawo hujja daga labarin.

Ba wanda ya tsaya dogon tunani. Tica ya ce waɗanda suka rubuta "gaskiya" su ɗaga hannu. Shiru, ko hannu ɗaya. Ya ce masu "ƙarya" fa? Sai ga hannuwa a sama, ajin gaba ɗaya, maza da mata.

Ya cire gilashinsa ya dube mu. "Innalillahi. Dukanku? Har waɗanda nake taƙama da su?"

Wani daga baya ya ce, "Haba Tica, tsohuwa da ƴaƴanta a raye, tana kwana ɗaki ɗaya da kare, wane irin farin ciki?" Aka fashe da dariya.

Sai wata yarinya, wadda ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajinmu, ta miƙe a natse ta ce, "Tica, ita fa uwa ce. Uwa ba ta tona asirin ƴaƴanta a gaban maƙwabci. Kawaici kawai ta yi." Ajin ya ɗauki tafi, kowa na cewa shi ke nan, an gama magana.

Tica ya jira muka yi shiru. "Wataƙila kin yi gaskiya," in ji shi. "Da a Magaria take, da na je na gaishe ta na tambaye ta da kaina. Amma a takardar nan take, abin da ta faɗa kawai muke da shi. Kun karanta layin farko, kun ji tsohuwa ita kaɗai, sauran labarin ku kuka ƙarasa mata. Wa ya karanta layin ƙarshe ya yarda da shi? Ba kowa. In kuka yi haka ranar bak, sai dai ku yi ta tausayin tsohuwa kuna maimaita aji."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Dalili kuwa, a cikin makon nan wani mutumin ƙauyenmu da ya kawo awaki kasuwar Magaria ya ce mini, a tsaitsaye, "Na ga tsohuwarka a rijiya tana jan ruwa da kanta. Ta rame kuwa." Ya faɗa ya wuce abinsa, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji. Da Tica ya ce kowa ya gyara amsarsa, sai na ji kaina a tsaye.

Na ce, "Ni ba zan rubuta gaskiya ba. Ƴaƴan nan Allah zai tambaye su."

Ya ce, "Zai tambaye su. Amma yau kai ake tambaya."

"To a ba ni sifili."

Allah ya yi ni da taurin kai, har yau matata na fama da shi. Tica bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in zauna, ya wuce tambaya ta biyu.

Daga ranar karatu ya ƙi shiga. Kalmar yarinyar nan, kawaici, ita ta hana ni sakat. Nakan kira Kaka a salular maƙwabcinta jefi-jefi, kullum maganarta ɗaya ce, "Lafiya lau nake, maigida, ka yi karatunka." Yanzu sai na ga ashe rufa mini asiri take yi. Tsiyar da take yi mini ma, wai na tafi birni na bar ta, na ce ashe gaskiya ce take faɗa a cikin wasa. Na riƙa ce wa kaina, matar da ta goya ka tana jan guga da hannun tsufa, kai kana nan kana karanta labarin masu kare. In ta faɗi a bakin rijiya, da wane ido za ka dubi takardar bak ɗin? Ban shawarci kowa ba, na yanke cewa na gama lekol. Ba ziyara nake nufi ba. Na san in na koma, ga sharar gona, ga damina a bakin ƙofa, ba ni ba dawowa. Jarrabawa kuwa saura ƴan makonni. Na tattara littattafaina na ba abokina da muke zama benci ɗaya, na ce ya riƙe, ni sun gama mini amfani. Ashe shi kuma ƙafarsa ƙafar gidan Tica.

Ranar kasuwar Sassumbrum da safe ina tasha, zaune a kan jakata, tabarmata da bokitina a ɗaure a gefe, ina jiran mota ta cika. Sai na ji ƙarar tsohon babur ɗin nan da duk Magaria ta sani. Tica ne. Na shirya amsoshina tsaf, na ce ko zai kwana yana wa'azi ba zan koma ba.

Ya tsaya a gabana, bai ko kashe babur ɗin ba, ya ce, "Motar nan ba za ta tashi ba sai rana ta take. Ɗaura kayanka ka hau. Na daɗe ina son ganin matar da ta ƙwace mini ɗalibi."

Na ɗaura kayana, na hau. Duk tsawon hanya bai ambaci lekol ba. Ya tambaye ni irin geron da muke shukawa, ya tambayi ko rijiyarmu na ƙafewa da bazara. Bayan mun bar babbar hanya yashi ya kama tayar baya, muka kife tare a hankali, shi da gilashinsa, ni da bokitina. Ya tashi yana karkaɗe riga yana cewa, "Kada ka gaya wa ƴan ajinku." Na tura babur ɗin har muka fita, ina ƙoƙarin danne dariya don ni a ganina ranar ba ta dariya ba ce.

A zuciyata na riga na ga yadda zan same ta: kwance a ɗaki, murhu a mace. Da muka yi sallama kuwa, hayaƙi ne ya fara tarbar mu, da ƙamshin soyayyar gyaɗa. Tana tsakar gida ta durƙusa a kan tunkuza tana matsar mai, maƙwabtanta mata biyu na taya ta, bakinta ya fi na kowa tashi. Ta ɗan rame, wannan gaskiya ne.

"Lale, lale! Maigida ne da tsakar rana haka? Korar ka aka yi?" Sai ta hango baƙo a bayana, ta ja mayafi ta rufe kai, ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Aka kawo ruwa, aka dama fura. Ita da Tica suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen Waca. Suna cikin haka idonta ya sauka a kan kayana, tabarma da bokiti da komai. Fuskarta ta canza. Matan nan biyu suka dubi juna, suka ce bari su leƙa gida, suka fice.

"Wannan kayan fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na dawo ne, Kaka. Gaba ɗaya."

Ta juya wajen Tica. "Mushe, laifi ya yi?"

"Bai yi laifin komai ba, Iya. Yana cikin waɗanda nake sa ran za su ci. Shi ya ce kina bukatarsa a gida, na ce to bari in kawo shi, in ji daga bakinki."

"Daga bakina?" Ta goge hannunta mai maiƙo a gefen zane. "Kai, ɗago ka dube ni. Yaushe na ce ka dawo? Wa na aika maka?"

Na ce wane ya gan ta a rijiya tana jan ruwa da kanta.

"To da a ina zai gan ni? A Makka? Tun kafin a haifi ubanka nake jan ruwa a rijiyar nan. Yaran maƙwabta har rige-rigen karɓar gugan suke yi, ni nake hana su. In ban je ba wa zai gaya mini wadda ta haihu da wadda ta yi yaji?"

"An ce kin rame."

"Bazara ce. Awakin ma sun rame, ka dawo domin su mana."

Tica ya kusa shaƙewa da fura. Ni kuwa raina ya ɓaci, don na ga za ta mai da abin wasa kamar kullum. Na ce, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata yaro ya yi wa kakarsa magana, "Kawaici kike yi, Kaka! Ko mutuwa kike ba za ki faɗa mini ba."

Man da ke cikin kasko ya ci gaba da ƙara, ba wanda ya kula shi. Da ta sake magana, muryar tsiyar nan ba ta nan, wata murya ce da ban san ta da ita ba.

"To tunda ka zo da shaida, bari in faɗa, ba kawaici. Ina kewarka. In na dama fura wani lokaci sai na zuba kwano biyu nake tunawa. Da an yi magariba gidan nan shiru yake yi mini yawa. Wannan gaskiya ne, ka ji shi da kunnenka."

Hawaye suka zubo mini. Na juya na dubi Tica, wato ka ji ko? Har na ɗora hannu a kan jakata zan kai ta ɗaki.

"Ajiye," in ji ta. "Ban gama ba. Kai tun kana ƙarami ba ka bari a gama magana." Na ajiye. "Kewar nan ni na zaɓe ta. Da hannuna na kai ka lekol, kuma na san hanyar ba a ƙofar gidan nan za ta tsaya ba. Tana yi mini zafi, amma ina ɗauke da ita ina jin daɗi, don na san dalilinta. In ka dawo yau, ba ka sauke mini komai ba. Kullum zan tashi in gan ka a gidan nan in san ni na tsare ka. Wannan kam ba zan iya ɗauka ba, maigida, shi ne zai kashe ni." Ta share ido da bakin mayafi, ta nuna bayan ɗaki da haɓa. "Ka ga tauren can? Duk awakin sun rame ban da shi. Tun kaka nake ba shi dusa da harawa saboda ranar da za a ce ka ci. Duk matan rijiya sun san da shi. Me kake so in ce musu?"

Kuka nake yi sosai, irin na yara, gaban malamina, ko kunya babu. Tica ya cire gilashi yana murza ido, wai hayaƙi ne ya shige shi. Can ya ce, "Iya, da za ki zo ki riƙe mini ajina ranar Asabar, da na huta."

Ta tambaye shi me ake yi a ajin. Ya kwashe labarin tsohuwar Baturiya ya ba ta da Hausa, da gidan bakin teku da furanni da karen, da yadda ajin gaba ɗaya ya ƙaryata ta. Kaka ta saurara har ƙarshe, kai a karkace.

"Ita da bakinta ta ce tana jin daɗi?"

"Da bakinta, Iya."

"To ku ƙyale baiwar Allah mana. Ku kuka fi ta sanin cikinta?" Ta ɗan yi tunani. "Sai dai karen nan, Mushe, a gaya mata ta fitar da shi waje."

Tica ya yi dariya har da buga ƙafa. Ni ma na yi, da majina da hawaye.

Ko kwana ba ta bar ni na yi ba. Na roƙi ta bar ni in cika mata randuna kafin mu tafi, ta yarda, tana bina da tsiya wai birni ya kashe mini hannu. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli, ta cika wa Tica kwalba da mai, ya ƙi karɓa, ta ce in bai karɓa ba kada ya sake taka mata gida. Ta rako mu har bakin hanya. Ina shirin hawa babur ta kama hannun rigata ta ce a hankali, "In kana son yi mini wani abu, ga shi. In ka kira ni, ka daina saurin kashewa. Da na ce lafiya lau sai ka ce to sai an jima. Ka bar ni in yi surutuna." Wannan magana ta fi duk sauran shiga jikina. Na yi makonni ina tunanin abin da ke damunta, na shirya zubar da karatuna dungurungum saboda ita, amma wannan ɗan abin da take so ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, don ban taɓa tambayarta ba.

La'asar sakaliya muka shiga Magaria. Abokina ya dawo mini da littattafaina yana ɓoye fuska, na ce masa munafuki, na rungume shi. Asabar ta gaba ina ƙarƙashin dogon yaro kafin kowa. Tica bai taɓa tayar da maganar a gaban ƴan aji ba, ni ma ban faɗi labarin faɗuwarsa a yashi ba sai yau. Na ci bak, ba da wata bajinta ba, amma na ci. Taure ya sha wuƙa, matan rijiya suka ci nama, Kaka ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Ta rayu har ta ga na fara aiki, ta ɗauki ɗana na fari ta ce ta sami sabon miji, ni in kama gabana. Duk kiran da na yi mata a shekarun nan, ita ke fara cewa ta gaji.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk yadda kake son mutum, son bai ba ka izinin amsa masa tambayar da ba ka yi masa ba. Ka tambaye shi, sannan ka zauna har ya kai ƙarshen maganarsa, ko da farkonta ya yi daidai da abin da kake zato. Da na tashi a rabin maganar Kaka, da na zauna a ƙauye ina ganin na yi mata gata, ita kuwa ta tafi kabarinta da baƙin cikina. Allah ya jiƙanta da rahama, shi kuma Tica, duk inda yake, Allah ya saka masa da alheri.